Gaba Da Gabanta: Gwani, Inji Da Ma'anar Gwaninta

A cikin wasannin da ɗan Adam ya ƙago domin gwada kaifin ƙwaƙwalwa, da wuya a sami wanda ya kai shaɗaranji ɗaukaka. Shi ne wasan da Turawa ke kira ces. An haife shi a ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, ya yi ƙuruciya a Farisa, ya balaga a Bagadaza a hannun gwanaye irin su al-Adli da as-Suli, daga nan ya tsallaka Turai. Wanda ya karanta littattafan fiƙihu ya taɓa cin karo da sunansa. Wanda kuwa bai taɓa ganinsa ba, sai ya tuna da dararmu ta gurabe 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, sa'an nan ya faɗaɗa ta: allo mai gidaje 64, kowane ɓangare da mayaƙa 16, akwai sarki da waziri, da giwaye da dawakai da hasumiyoyi, ga kuma dakaru takwas a sahun gaba. Kowanne da irin takunsa. Wasa yakan ƙare in an ritsa sarkin abokin karawa ya rasa mafita. Babu kwado, babu ƙuri'a, babu abin da aka ɓoye. Saboda haka ne Turawa suka daɗe suna ɗaukarsa a matsayin ma'aunin hankali tsantsa.

Abin da wannan maƙala ke son ta duba shi ne abin da ya faru da wannan ma'auni bayan da inji ya karɓe shi daga hannun mutum. Tambayar kuwa ita ce: idan abin da muke kira gwaninta ya zama ana iya zuba shi a cikin ƙarfe, kuma ƙarfen ya fi gwanin iyawa, to mene ne muke girmamawa a wurin gwani tun da farko?

Tarihin Karawar

Inji na farko da ya yi suna a wannan fage ƙarya ce. A shekarar 1770 wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya kai wata na'ura fadar sarauniya Maria Theresa a Biyana. Mutum-mutumi ne sanye da rawani irin na Turkawa, zaune a bayan wani akwati, yana ɗaga hannu yana tura mayaƙa. Ya yi yawon Turai da Amurka yana lallasa mutane, har da Napoleon a 1809. Sirrin kuwa shi ne akwai gwani na jini da tsoka a naɗe cikin akwatin. Gobara ce ta cinye wannan na'ura a Filadelfiya a 1854. Mai karatu ya riƙe labarin nan, domin zai yi mana amfani a gaba.

Aikin gaske ya fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 Claude Shannon ya fitar da wata maƙala wadda ta bayyana girman matsalar. A tsakiyar wasa, mai taku yana da zaɓi wajen 30. Abokin karawarsa ma haka. Ke nan taku ɗaya da amsarsa sun haifi zubi 900, wato yanayin da mayaƙa za su iya kasancewa a kan allo. Taku uku da amsoshinsu sun haura miliyan 700. Shannon ya ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 da sifiri 120 a bayanta. Babu injin da zai ƙirga wannan har duniya ta naɗe. Don haka ya ce hanya biyu ce: ko dai inji ya duba kowane taku har iya zurfin da ƙarfinsa ya kai, ko kuma a koya masa zaɓe irin na mutum, ya bi 'yan hanyoyi kaɗan masu alamar amfani ya bar sauran.

Alan Turing a Ingila ya riga ya rubuta ƙa'idojin irin wannan manhaja, amma babu kwamfutar da za ta iya ɗauka a lokacin. A 1952 sai ya mai da kansa injin, ya ɗauki takarda da alƙalami yana lissafa kowane taku na kimanin rabin awa, ya kara da wani abokin aikinsa. An ci shi a taku 29.

Daga nan sai zamanin cika baki ya shigo, kuma kowane ɓangare ya sami rabonsa na kunya. Herbert Simon ya yi hasashe a 1957 cewa cikin shekara goma kwamfuta za ta zama zakaran duniya. Sai da aka yi shekara arba'in. Shi kuwa masanin falsafa Hubert Dreyfus, wanda ya yi ta yi wa injinan ba'a, manhajar Mac Hack ta ci shi a 1967. A 1968 ɗan wasan Sikotilan David Levy ya yi fare cewa babu injin da zai ci shi cikin shekara goma. Ya ci farensa a Toronto a 1978, amma da ƙyar da jiɓin goshi, don a wannan karawa injin ya ci shi wasa ɗaya.

Abin da ya yanke hukunci tsakanin hanyoyin Shannon guda biyu shi ne ƙaruwar ƙarfin na'ura. Ken Thompson na ɗakin binciken Bell ya ƙera wani inji mai suna Belle, ya kuma gwada shi da kansa a farkon shekarun 1980: ya bar kwafi ɗaya ya hango gaba da taku guda fiye da ɗayan. Sai ya ga duk ƙarin taku guda na hange yana ƙara wa inji maki wajen 200 a ma'aunin Elo, wanda da shi ake auna ƙarfin 'yan wasa. Ratar maki 200 kuwa na nufin wanda ke sama zai kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na makin karawa. Wannan bincike ya nuna wa masu ƙira cewa ba sai sun wahalar da kansu wajen gano yadda gwani ke tunani ba. Su dai jira na'ura ta ƙara sauri, kuma tana ƙarawa ninki biyu kusan duk shekara biyu.

A 1985 Garry Kasparov ya kara da kwamfutoci 32 a lokaci guda a Hambug, ya cinye su kaf. A 1988 injin Deep Thought ya ci Bent Larsen, ɗaya daga cikin manyan gwanayen zamaninsa. A 1989 Kasparov ya rama wa mutane, ya ci injin sau biyu a Niyok, amma a wannan shekarar ne injin ya share David Levy 4 da babu. Kamfanin IBM ya ɗauki matasan da suka ƙera shi, suka gina magajinsa, Deep Blue. A Fabrairun 1996, a Filadelfiya, garin da gobara ta cinye mutum-mutumin Kempelen, Deep Blue ya ci zakaran duniya a wasan farko, ko da yake Kasparov ya farfaɗo ya ci karawar 4 da 2. A watan Mayun 1997 aka sake haɗuwa a Niyok. Injin yanzu yana duba zubi miliyan 200 a cikin daƙiƙa guda. Ya ci 3½ da 2½. Wasan ƙarshe bai wuce taku 19 ba.

Ta'aziyyar Da Ba Ta Daɗe Ba

Abin da aka riƙa faɗa wa juna a wancan lokaci shi ne, ai sarkin yawa ne ya fi sarkin ƙarfi. Inji bai san komi ba, ƙirga kawai yake yi. Akwai gaskiya a maganar, domin binciken Adriaan de Groot na ƙasar Holan, wanda ya fito a 1946, ya nuna cewa babban gwani bai cika fin matsakaicin ɗan wasa zurfin lissafi ba. Abin da ya fi shi shi ne gani. Da ya ɗora ido kan allo, taku biyu ko uku ne kawai suke zo masa a rai, kuma galibi mafi kyau yana cikinsu. In aka nuna masa zubin wasa na 'yan daƙiƙoƙi aka kawar, sai ya mai da kusan kowane mayaƙi gidansa. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka maimaita gwajin, amma suka warwatsa mayaƙan barkatai ba bisa tsarin wasa ba, sai mafi yawan fifikon gwanin ya ɓace. Ashe siffofi masu ma'ana yake riƙewa, kamar yadda mahauci ke duban sa ya faɗi naman da zai fitar ba tare da ya ɗora shi a sikeli ba. Saboda haka aka ce: mutum yana gani, inji yana lalube, sai dai lalubensa yana da sauri ainun.

Shekarun da suka biyo baya sun rushe wannan ta'aziyya, kuma a nan ne nake son mai karatu ya lura da alƙaluma da kyau. A 2006, a birnin Bon na Jamus, manhajar Deep Fritz ta ci zakaran duniya Vladimir Kramnik 4 da 2. Tana gudana ne a kan kwamfuta irin wadda ake saye a kasuwa, tana duba zubi kimanin miliyan 8 a daƙiƙa. A 2009 manhajar Pocket Fritz 4 ta lashe wata gasa a Buwenos Aires da maki 9½ cikin 10, a gaban manyan gwanaye. A cikin wayar hannu take, kuma ba ta kai ga duba zubi 20,000 a daƙiƙa ba. Daga miliyan 200 an gangaro zuwa miliyan 8, an gangaro zuwa dubu 20, amma ƙarfin wasa bai gangaro tare da su ba. Da a ce ƙirga ce kaɗai, da haka ba ta faru ba. Masu rubuta manhaja sun koya wa inji sanin hanyar da ba ta cancanci bi ba, ya datse ta tun daga tushe, wanda shi ne rabin abin da de Groot ya gano a wurin gwani.

Sai kuma 2017. Kamfanin DeepMind na Landan ya fito da AlphaZero, wadda ba a koya mata komi ba sai dokokin wasa. Ba a ba ta littafin buɗe wasa ba, ba a nuna mata wasan as-Suli ko na Kasparov ba, ba a ma faɗa mata cewa waziri ya fi doki daraja ba. Ta yi ta wasa da kanta sau miliyoyi, tana gyara ma'auninta daga ci da faɗuwa. Cikin awoyi kaɗan ta kai ga karawa da Stockfish, ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi ƙarfi a lokacin. A wasa 100 ta ci 28, aka yi kunnen doki a 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Tana duba zubi 80,000 a daƙiƙa, abokiyar karawarta na duba miliyan 70. An yi ƙorafi kan sharuɗɗan karawar, kuma horar da ita ya ci na'urori masu yawan gaske, amma gwanayen da suka bi wasannin sun ga abin da ya ba su mamaki. Tana sadaukar da mayaƙi saboda wani fifiko da ba zai bayyana ba sai can gaba, irin wasan da a da ake cewa sai mai basira. Mafi girman makin da wani ɗan Adam ya taɓa samu shi ne 2882, na Magnus Carlsen a 2014. Jerin da ake auna manhajoji da shi ya daɗe da ajiye na gaba-gabansu sama da 3500. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Amsoshi Biyu Da Ban Gamsu Da Su Ba

Amsa ta farko da ake bayarwa ita ce ta mota da ɗan tsere. An ce mota ta fi kowane mutum gudu, amma ba a daina gasar tsere ba, kuma babu wanda ya ji kunya. Wannan kwatance yana da daɗin ji, amma ya kauce wa inda ciwon yake. Ɗan Adam bai taɓa da'awar ya fi kowa gudu ba. Barewa da doki sun riga mota koya masa wannan. Abin da ya yi da'awa da shi shi ne hankali. Malaman manɗiƙi, tun daga Girkawa har zuwa zaurukanmu, da hankali da furuci suka bambanta mutum da sauran dabbobi. To in aka zo aka fi shi a fagen da shi da kansa ya zaɓa ya ce nan ne hankali ke nuna kansa, ba daidai ba ne a ce masa babu abin da ya faru.

Amsa ta biyu ita ce a ce, dama can shaɗaranji ba hankali ba ne, lissafi ne kawai. Wannan kuwa borin kunya ne. Shekara ɗaruruwa ana rantsuwa da wasan nan, sai ranar da aka sha kaye ne aka gano ba komi ba ne? An yi haka da shaɗaranji, aka koma aka ce wasan Go na mutanen Sin da Japan da Koriya shi ne na gaske, wanda inji ba zai iya ba. A 2016 AlphaGo ta ci Lee Sedol 4 da 1 a birnin Seoul. Wanda ya ɗauki wannan hanya zai yi ta ja da baya ne yana sake zana iyaka, kuma kowace iyaka da ya zana ta zama alƙawarin da wani zai karya masa.

A ganina gara a karɓi maganar yadda take. Wani yanki na abin da muke kira basira, yanki mai girma kuwa, ya tabbata cewa tsari ne da ake iya tarawa daga yawan gani da yawan gwaji, kuma ƙarfe na iya tara shi fiye da mu. Wannan bai nuna cewa inji yana jin wani abu a ransa ba, ko yana da rai ma. Abin da ya nuna shi ne kyakkyawan taku ba ya buƙatar mai rai kafin ya fito. Mun daɗe muna haɗa abu biyu wuri guda, kyawun aiki da darajar mai aikin, domin ba mu taɓa ganin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Inji ya raba su. Aikinmu yanzu shi ne mu duba rabin da ya rage a hannunmu, mu ga ko yana da nauyi.

Sani Ba Tare Da Dalili Ba

Bahaushe ya bambanta sani da ganewa. Yaro na iya sanin amsa bai gane ta ba. Akwai wani fanni na wannan bincike da ya nuna ratar da ke tsakanin kalmomin biyu fiye da kowane littafin falsafa. Ken Thompson ɗin nan da wasu bayansa sun sa kwamfuta ta lissafa ƙarshen wasa ta baya, daga inda aka ritsa sarki zuwa inda aka faro, ga duk zubin da mayaƙa kaɗan suka rage. A 2012 aka kammala na mayaƙa bakwai a Jami'ar Mosko. Wannan ba hasashe ba ne, tabbas ne. A ciki akwai zubin da mai farin mayaƙi zai ci wasa babu makawa, amma sai bayan taku fiye da 500. In aka ɗora wa babban gwani waɗannan taku a gabansa, ba zai ga kai ba, ba zai ga gindi ba. Mayaƙa na ta kai da kawowa kamar marasa alƙibla, sai can a wayi gari an ci. Kowane taku daidai ne, kuma babu mahalukin da zai iya cewa ga dalilinsa, in ban da cewa lissafi ya nuna haka.

To wannan sani ne? E, sani ne, kuma ya fi namu inganci. Amma ba irin wanda malami ke miƙa wa ɗalibi ba ne. Abin da gwanayen da suka gabata suka bari shi ne dalilai: ka mallaki tsakiyar allo, kada ka fitar da waziri da wuri, hasumiya tana son buɗaɗɗen layi. Kowace ƙa'ida daga cikinsu tana da inda take karyewa, inji ma ya nuna wuraren karyewar da yawa. Duk da haka su ne ake iya faɗa da baki, a yi gardama a kansu, yaro ya ɗauka ya gina nasa a kai. Gwani mai ba da dalili yana sa kansa a inda za a iya kama shi da kuskure, kuma ta nan ne ilmi ke wucewa daga kai zuwa kai. Inji kuwa lamba yake nunawa a gefen allo, ya ce fari na gaba da kaza. Ɗalibin da ya saba da karɓar lamba ya daina neman dalili zai yi ta faɗin gaskiya alhali bai mallaki ko ɗaya daga cikinta ba. Wannan haɗari kuwa bai tsaya a kan allon shaɗaranji ba, kamar yadda duk wanda ke duba takardun ɗalibai zai shaida.

Abin Da Gwani Ke Sakawa

A wasa na biyu na karawar Bon, Kramnik ya yi tunani, ya yi takunsa cikin natsuwa, ya ɗauki kofinsa zai tashi. Bai ga cewa za a ritsa sarkinsa a taku ɗaya tak ba, abin da ɗan koyo na wata uku zai gani. Zakaran duniya ne fa. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin hujjar raunin ɗan Adam. Ni kuwa ina ganin a nan ne ake gane abin da nasararsa ta sauran ranaku ta ƙunsa. Duk wasan da Kramnik ya taɓa ci, ya ci shi ne da wannan ƙwaƙwalwa mai iya makancewa, bayan awa biyar ko shida a zaune, ga gajiya, ga agogo, ga sanin cewa duniya na kallo. Deep Fritz ba ta san an yi karawa ba. Da an kashe wutar a tsakiyar wasa, da babu abin da ta rasa.

Labarin Marion Tinsley ya fi wannan taɓa zuciya. Malamin lissafi ne ɗan Amurka, kuma a wasan dara irin ta Turawa mai 'ya'ya goma sha biyu ba a taɓa yin kamarsa ba. Cikin shekaru wajen arba'in wasannin da aka ci shi ba su kai goma ba. Da manhajar Chinook ta taso, hukumomin wasan ba su so ya kara da ita a kan kambunsa ba, sai ya ajiye kambun domin ya sami damar karawa. Ya ci ta a Landan a 1992. A 1994 suka sake haɗuwa a Boston, aka yi kunnen doki shida, sai ciwo ya tilasta masa janyewa. An gano sankara ce, ya rasu a 1995. A 2007 masu Chinook suka tabbatar da lissafi cewa wasan nan, in kowa ya buga daidai, kunnen doki ne. Sun rufe littafin wasan ke nan. Amma wanda ya ji labarin nan ya san wane ne jarumin cikinsa, kuma ba don ya fi iya wasa ba ne. Jarunta sai ga wanda ke da abin rasawa. Lee Sedol, a nasa ɓangaren, ya yi ritaya a 2019, ya kuma ambaci injin da ba ya ciwuwa a cikin dalilansa. Ba na ganin laifinsa. Mutum biyu ne suka tsaya gaban abu guda, ɗaya ya ga abokin karawar da ya daɗe yana nema, ɗaya ya ga an rushe dutsen da ya ƙare rayuwarsa yana hawa.

Amana

A wasa na biyu na 1997, Kasparov ya ɗana wa Deep Blue tarko irin wanda injinan lokacin ke faɗawa saboda kwaɗayin cin mayaƙi. Injin ya ƙi, ya yi wani taku mai sanyi irin na dattijon gwani. Kasparov ya sallama wasan, kuma ya fito yana nuna zargin cewa akwai hannun mutum a ciki. Wato dai ya tuna da akwatin Kempelen. IBM ba ta yarda a sake karawa ba, ta kwance injin. Sai a littafinsa na 2017 Kasparov ya amince cewa ba a yi masa maguɗi ba. Abin lura shi ne, akwai mutane a cikin Deep Blue ta wata fuskar: injiniyoyi irin su Feng-hsiung Hsu da Murray Campbell, da babban gwani Joel Benjamin da ya yi watanni yana gyara masa wasa, da dubban wasannin magabata da aka zuba masa.

Ba a yi shekara goma ba sai zargin ya juya. A 2006, a gasar zakaran duniya da aka yi a Elista, ɓangaren Veselin Topalov ya yi ƙorafi kan yawan shiga bayan gida da Kramnik ke yi, har karawar ta kusa watsewa, ko da yake ba a sami wata hujja a kansa ba. A 2015 kuwa, a wata gasa a Dubai, an kama wani babban gwani ɗan ƙasar Jojiya da waya ɓoye a makewayi, da zubin wasansa a kanta. Aka dakatar da shi, aka ƙwace masa muƙaminsa. A da ana buɗe inji ne a nemi mutum a ciki. Yanzu mutum ake cajewa a nemi inji. A manyan gasa ana bi da 'yan wasa ta na'urar bincike kamar masu shiga jirgin sama, wani lokaci kuma a jinkirta watsa wasan. Mafi muni shi ne abin da wannan ya yi wa kyakkyawan taku. Yaron da ba a san shi ba, in ya buga wasan da ya wuce tsammani, kafin a yaba masa sai an fara auna takunsa da na inji. Kusantar daidai ta zama abin tuhuma. Wannan hasara ce ta gaske, kuma ta fi sauka a kan masu gaskiya.

Kasparov ya taɓa neman sulhu. A 1998, a birnin Leon na Sifen, ya ƙaddamar da wasan da kowane gwani ke zama da kwamfutarsa a gefe. A 2005 ma wasu 'yan koyo biyu Amurkawa masu kwamfutoci uku sun lashe irin wannan gasa a gaban manyan gwanaye, saboda sun fi iya sarrafa injinansu. An yi murna, an ce ga makomar ɗan Adam nan, shi ne mahayi, inji ne doki. Amma da injinan suka ƙara nisa, gudummawar mahayin ta yi ta raguwa, har ya zama sau da yawa in ya ja linzami ɓata tafiyar yake yi. Ba na son in sayar wa mai karatu da wannan fata a kan farashin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya faru dai shi ne mutane ba su daina wasa ba, kuma ba su daina kallon junansu ba. A ƙarshen shekarar 2024, a Singafo, aka yi karawar zakaran duniya tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya, ƙasar da aka haifi wasan. An haifi Gukesh a 2006, shekarar da Deep Fritz ta ci Kramnik, don haka bai taɓa rayuwa a duniyar da mutum ke gaban inji ba. Duk da haka mai horar da shi ya nisanta shi da injin a shekarun ƙuruciyarsa, ya bar shi ya yi ta lissafi da kansa har ya zama babban gwani yana ɗan shekara 12. A wasa na 14, na ƙarshe, maki na daidai, kuma kowa ya sallama cewa kunnen doki za a yi. A taku na 55 Ding ya matsar da hasumiyarsa zuwa gidan da bai kamata ba. Masu kallo ta intanet sun ga ma'aunin inji ya faɗi nan take, sun san an gama tun kafin mutum biyun da ke zaune su sani. Amma babu wanda ya tashi. Suka zuba ido suna jiran su ga ko yaron zai gani da kansa. Ya duba allo, ya sake dubawa, ya kurɓi ruwa, sa'an nan ya miƙa hannu ya ci hasumiyar. Bayan taku uku Ding ya sallama, Gukesh ya zama zakaran duniya yana da shekara 18, ya kifa kansa yana kuka.